Shaidar Garken Mahaifina a Zauren Kwamfuta

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in yarda in rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma abin da zan ba da labarinsa ya shafi aikin masu kwamfuta, wanda ko a lokacin da ake yin sa a gabana rabinsa kawai nake ganewa. Ina tsoron in faɗi wani abu ba daidai ba, masu sani su karanta su ce wa ya aike shi. Ina kuma tsoron in yi shiru har ƙasa ta rufe ni da tambayar da ke damuna. Damina ta wuce, rani ya wuce, ina wannan gardama da kaina, har tsoro na biyu ya rinjayi na farko. Inda na yi kuskure a sha'anin na'ura a yi mini uzuri. Abin da na gani da abin da aka bayyana mini kaɗai zan faɗa.

Sana'ata sa wa dabbobi shaida. A Gumel nake zaune, amma duk Alhamis ina karar Maigatari, kasuwar dabbobi, da gwangwanin fenti. Idan falke ya sayi shanu ko raguna, ni nake bin su ina zana alamarsa a gadon bayansu, don kada su cakuɗe da na wani kafin a loda su a mota. Fenti ne kawai, ruwan sama yana wanke shi. Ba irin shaidar da na buɗe ido na gani a gidanmu ba ce.

Mahaifina makiyayi ne, yana kuma taɓa noma. Rugarmu tana tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar. A gida Fulatanci muke yi, a kasuwa Hausa. Shanunmu jajaye ne masu dogon ƙaho, kowace da shaidar wuta a cinyarta ta hagu: ludayi a kwance, da gajerun zane biyu a ƙarƙashinsa. Har yau ina jin ƙaurin gashi idan na tuna ranar da ake sa wa maruƙa. Ƙarfen yana cikin garwashi, yayyena sun danne maraƙi, mahaifiyata tana tsaye da man shanu a ƙoƙo don ta shafa a wurin. Ni aikina in riƙe igiya in rufe ido. Wata rana mahaifina ya ce in buɗe idon in duba da kyau. Ya ce duk abin da ke ɗauke da wannan zane, idan ya ɓata mu za a kawo wa, idan kuma ya shiga gonar wani mu za a nema.

Garken bai tafi rana ɗaya ba. Fari ya ci wasu, ciwo ya ci wasu, gonaki suka matse burtali, rabon gado ya watsa sauran. Ƙarfen shaidar ma ban san hannun da ya ƙare ba. Lokacin da na yi aure na dawo gari, ko maraƙi ba ni da shi.

A al'adarmu, ranar suna uba yakan nuna karsana ya ce wannan ta jaririn nan ce, ita da duk abin da za ta haifa. Da aka haifa mini 'yata ta fari, na tsaya a tsakar gida ba ni da abin nunawa. Babu wanda ya ce mini komai. Dangi suka ci tuwo, suka yi addu'a, suka tafi. Da ma wani ya yi mini gori, da wataƙila abin ya fita daga raina. Ba zan rubuta sunan yarinyar ba, domin 'yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta da bakina ba. "Ke" nake ce mata, ita kuma ta ce mini Baffa.

Ita ce ta yi karatun kwamfuta. Da ta gama, ta dawo Gumel, ita da wasu abokan karatunta suka kama shago a kan hanyar tasha. Suka sa sola a rufin, suka jera tebura, a kusurwa kuma akwai wata baƙar na'ura da ba a kashe ta, kullum tana huci a hankali. Manhaja suke rubutawa, ta 'yan kasuwar hatsi da ta masu shagon magani. Nakan bi ta wurin da sunan zan sayi goro. In tsaya a bakin ƙofa, in duba ko batiran ba su yi zafi ba, ko wayar wuta ba ta kwance inda ruwa zai taɓa ta. A cikinsu akwai wani dogon saurayi ɗan Maigatari, bakinsa ba ya hutawa. Da ya hango ni sai ya ce, "Baba mai fenti, yau dai ka sa mini shaida a goshi, ko gyatumata ta gane ni in na koma gida. Ta ce kwamfuta ta sace mata ɗa."

Wata rana da hantsi 'yata ta ce in shigo in zauna. Ta juyo mini allon kwamfutarta.

"Baffa, ka ga wannan shafin? Shi ne zaurenmu. Duk wanda zai fara aiki ta nan yake shiga. Kowace manhaja da ɗayanmu ya rubuta tana nan, da bayanin yadda ake aiki da ita, da wanda za a nema idan ta lalace."

"Har da wanda za a nema?" na ce.

"Har da shi. Wasu ne a wata ƙasa suka gina zauren, suka ce kowa ya ɗauka kyauta. Sai dai da sunansu yake zuwa, da launinsu, da tambarinsu can sama. Muna so mu mai da shi namu. Ka zana mana tambari."

Na koma gida na kwana biyu ina zane a bayan kwalin sukari. Na zana tauraro, na zana damin gero, na zana wani abu mai kama da kwamfuta. Ta duba su duka ta mayar mini.

"Ba waɗannan ba, Baffa. Wanda kake zanawa a ƙasa da tsinke in kana zaune kai kaɗai, sannan ka share da ƙafa in ka ji motsin mutum."

Ban san tana gani ba. Na sunkuyar da kai na ce zan duba. Washegari na kai mata ludayin da zanensa biyu a farar takarda, mariƙinsa yana duban hagu, kamar yadda nake ganin sa idan na tsaya a gefen saniya. Dogon saurayin ya ɗauki hotonsa, ya ɗan yi danne-danne, sai ga shaidar mahaifina a saman allo. Na fita na sayi goron da na saba cewa zan saya. A zuciyata kuwa na ce, yau na nuna wa yarinyar nan karsanarta.

Bayan 'yan kwanaki na leƙa, sai na tarar babu shaidar a allon. Tambarin mutanen can ya dawo wurinsa kamar ba a taɓa shi ba. Na nuna wa saurayin wurin da yatsa. Saurayin ya ce, "Kai, jiya batir ya sauka, na'urar ta mutu. Bari ka gani." Ya sake mayar da ita. Mako bai cika ba aka yi hadari, sola ba ta samu rana ba, shaidar ta sake ɓacewa.

'Yata ta ga fuskata, ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce zauren a cikin wani abu yake aiki da suke kira kwantena. Ba irin na ƙarfe da ake gani a kan tirela a hanyar iyaka ba, amma shi ma rufaffen akwati ne da komai nasa a ciki. Akwai kuma wani dandali a cikin baƙar na'urar da ke kiwon akwatunan. Idan ɗaya ya mutu, dandalin ba ya jinyarsa, sai ya jefar ya fito da sabo, kamar yadda mai bulo ke fitar da bulo daga ma'auni guda, kowanne irin na jiya. Duk abin da aka rubuta a jikin tsohon ya tafi tare da shi.

"Shi wannan malalacin," ta nuna saurayin da biro, "a cikin akwatin yake liƙa hoton, don ya fi sauri. A waje ya kamata a ajiye shi, tare da fayil ɗin saiti. In mun gama aikin masu magani zan zauna in yi shi yadda ya dace."

"Ni ne malalaci? Baba, ka shaida, 'yarka tana zagin na gaba da ita."

Na yi dariya don kada su ga damuwata. Na ji bayanin, kuma ban ce ƙarya ba ne. Amma ni abin da na sani, shaida ba ta mutum ɗaya ba ce, ta zuri'a ce, kuma ba a ɗora ta a kan abu sai manya sun sani. Ni kuwa na ɗauka na bayar ban tambayi kowa ba, a kan abin da ba ya numfashi. Sau biyu ana sawa tana gudu. Na kasa cin abinci sosai. A kara na zana wa wani falke alamarsa a karkace har ya tambaye ni ko lafiya. Uwar yarinyar ta ce, "Malam, kai dai in ba ka sami abin damuwa ba, sai ka je kasuwa ka sayo." Na ce mata wannan ba na saye ba ne.

A cikin waɗanda suka ga garken da idonsu, babba ɗaya ta rage, gwaggona, ƙanwar mahaifina, a wani ƙauye bayan Sule Tankarkar. Na ce wa 'yata kada ta taɓa komai sai mun je. Ranar wata Asabar muka hau mota, daga nan muka hau acaɓa cikin yashi. Muka tarar da gwaggo a gindin aduwa tana gyaran ƙwarya. Bayan gaisuwa na fara zagaye-zagaye, ina neman bakin zaren. Ta katse ni.

"Kai tun kana yaro haka kake. Faɗi abin da ya kawo ka kafin rana ta faɗi."

Na faɗa mata duka. Ta saurara, sannan ta juya wurin 'yata.

"Ke 'yar boko, wannan abin naku yana cin gonar mutane?"

"Ba ya ci, Kaka."

"Yana ba da nono?"

"Yana ba da na cefane."

"To ai saniya ce. Kawo in gani."

'Yata ta nuna mata hoton a waya. Gwaggo ta kai shi kusa da ido, ta nisantar, ta daɗe tana dubawa. Na ga leɓenta yana motsi, ina jin sunayen shanun take kira. Can ta ce, "Ina kan abin?"

Muka dubi juna. Na ce ba shi da kai, allo ne.

"Ba abin da ba shi da gaba. Mariƙin ludayinmu gaba yake duba, inda saniya ta nufa. Mai duban wutsiya na 'ya'yan ƙanin kakanku ne, waɗanda suka yi arewa wajen Damagaram tun ina budurwa. Da gangan aka juya musu don a bambanta. Ke, in kuna aiki da shi, ina yake nufa?"

'Yata ta yi ɗan tunani ta ce rubutun da ke kai daga hagu yake tashi ya nufi dama.

"To ubanki ya ba ki shaidar mutanen arewa. Juya shi ya bi rubutun." Ta miƙa mata wayar. "Na ba ki, ke da abin da zai haifa. Shi kuma uban nan naki ki riƙa ba shi fura mai sanyi, ko zuciyarsa ta kwanta."

Na tambaye ta ko juyin da na yi ne ya sa shaidar take gudu. Ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta ce ita ba ta san wannan ba, in tambayi mai abin.

Ranar da aka yi saitin tana cikin ranakun da na fi so a rayuwata. Na sake zana ludayin, mariƙi yana duban dama, na yi ta gogewa ina sakewa har takardar ta kusa hujewa. 'Yata ta jawo mini kujera kusa da ita, abin da ba mu taɓa yi ba, domin tsakanin uba da 'yar fari akwai kunya. Ta buɗe fayil ɗin saitin. Rubutu ne zalla, layi bisa layi, wasu sun ɗan shige ciki, wasu sun fi su shigewa. Ta ce a nan ake gaya wa zauren sunansa, da launinsa, da inda zai ɗauko tambari, da abin da zai fara nuna wa mai shigowa. Ta ce ko tazara ɗaya aka ƙara a inda ba wurinta ba, zauren ba zai tashi ba. Wannan magana ta yi mini daɗi. Na ce ashe akwai aikin da aka yi domin masu irin halina. Na sa ido ina bin yatsunta, duk layin da ta gama in ce ta sake dubawa.

Da aka zo launi, ta ce wane ja nake so. Na ce jan shanunmu. Ashe kowane launi da lambarsa. Ta sa wata lamba, na ce wannan jan tumatir ne. Ta sa wata, na ce wannan na bulo ne. Saurayin ya ce, "Baba, ko mu shigo da saniya shagon nan ta zaɓa da kanta?" A ƙarshe ya lalubo hoton wani bijimi da ya taɓa ɗauka a kara, ta tsinto launin daga doronsa. Da ya bayyana a allo, sai da na kau da kai na ɗan lokaci.

Ta ajiye fayil ɗin da hoton a waje, ta rubuta wa dandalin cewa duk sabon akwatin da zai fitar ya haɗa shi da su. Sannan ta ce, "Yanzu zan kashe shi mu gani."

Na riƙe gefen tebur. "Ke, da hannunki? Abin yana zaune lafiya, ki bar shi mana."

"Baffa, in ban kashe shi yau muna kallo ba, hadari zai kashe shi ba ma nan."

Ta danna. Allon ya yi fari fat. Ba na jin ya daɗe, amma ni na karanta duk abin da ya zo bakina. Saurayin ma ya matso ya zuba wa allon ido. Sai jan nan ya fara sauka daga sama, sunansu ya fito, ga ludayi a kusurwa yana duban dama, da zanensa biyu. Na ce ta sake. Ta sake kashewa, ya sake tashi da shi. Na ce ta ƙara ɗaya. Ta dube ni ta yi murmushi, ta ƙara.

"Shaidar ta zauna, Baffa," ta ce. "Kowane sabo da ita za a haife shi."

Shekarun da suka biyo baya sun yi daɗi. Nakan dawo daga Maigatari da ƙura da fenti a hannu, in biya shagon, a ba ni ruwa, in leƙa allon kowa in ga jan nan. Ko an yi kwana da kwanaki ana hadari ban ƙara fargaba ba, ko in ce fargabar ta ragu. Gwaggo ta rasu a wata kaka, Allah ya jiƙanta. Daga baya yaran suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa inda aiki ya kira shi. 'Yata tana Kano da mijinta da aikinta. Shagon yanzu mai cajin waya ne a ciki. Idan na wuce nakan ji kamar zan ji muryar dogon nan yana neman a sa masa shaida a goshi.

Kafin su rufe, sun ɗora saitin nasu a intanet inda masu irin aikinsu ke ɗauka kyauta, kamar yadda su ma suka samu. 'Yata ta nemi izinina, na ce karsanarta ce, ba tawa ba. Ta gaya mini daga baya cewa wasu sun ɗauka, kuma akwai waɗanda suka canza suna kawai suka bar launin da tambarin yadda suke. Ta ce, "Garkenka ya yaɗu, Baffa." Na yi murna, na kuma kwana ina tunanin maganar mahaifina a kan wanda za a nema.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wannan. A bara wani matashi da ke rakiyar fatake daga Damagaram ya gan ni ina zane a ƙasa a kara, ya ce ya taɓa ganin wannan a kwamfutar wani abokinsa, ja da ludayi. Na tambaye shi ina mariƙin yake duba. Ya ce yana jin hagu, amma bai tabbata ba. Kafin in ƙara tambaya motarsu ta tashi, ban sake ganin sa ba. 'Yata ta ce wataƙila wani ne ya juya hoton don ya dace da shafinsa, wataƙila kuma yaron ne bai tuna daidai ba. Ni kuwa ina tunanin ko jikokin ƙanin kakanmu ne suka gan shi suka gane, suka juya shi ya koma nasu. Idan haka ne, ina da dangin da ban taɓa gaisawa da su ba.

Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, musamman masu aikin manhaja a nan ƙasar da ƙetaren iyaka. Idan ka taɓa ganin zaure ja mai ludayi a kwance da gajerun zane biyu a ƙarƙashi, ka taimaka ka sanar da ni a wane gari ne, wane aiki ake yi da shi, kuma ko ya taɓa cutar da wani. Ka duba mini da kyau ko mariƙin dama yake duba ko hagu, in hagu ne ka tambayi wanda ya juya shi dalilinsa. Ba zan ce kowa ya cire ba, an riga an bayar. Duk Alhamis ina karar Maigatari wajen da ake lodi, da gwangwanin fenti a hannu.